Takardun Ɗan Fari

Hajaratu ba ta taɓa kiran sunan Yunus ba. Ɗan farinta ne, ita kuwa a ruga aka yi mata tarbiyya, kafin marigayi mijinta ya sayar da ragowar shanunsa ya dawo unguwar Yindiski a Potiskum da zama. Tun da aka yaye yaron kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa uwar da ta haife shi Adda, kamar wata yayarsa. Da tsohuwar ta rasu ya dawo gida da gemunsa, sai suka ci gaba yadda suka saba: shi ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ita ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi, kaji take gaya wa. "Tuwon wani yana can yana sandarewa," sai ta faɗa a tsakar gida, kaji su ji, shi ma ya ji. Matan unguwa suna yaba mata, suna cewa irin kunyar Hajaratu ta ƙare a duniya. Ba wanda ya taɓa tambayar ta ko abin yana mata ciwo, ita ma ba ta tambayi kanta ba.

Yunus direban tirela ne, kuma a Potiskum wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yakan yi lodin shanu bayan an tashi kasuwa ya nufi kudu, ya dawo da siminti ko gishiri da tsarabar ayaba. A wata tafiya, farkon bazara, birki ya ƙwace masa a wata gangara. Motar ta kife da shanu da mutanen da suke zaune a samanta suna rakiyar dabbobi. Cikin waɗanda aka zaro daga ƙarƙashi har da Bubayaro, abokinsa tun na ƙuruciya. Shi Yunus ko ƙwarzane bai yi ba. Aka yi ta zuwa yi masa barka da arziki, yana cewa amin.

Uwar ce ta fara lura da hannuwansa. In ya ɗauki kofin shayi sai shayin ya zube masa a riga. In babbar mota ta taka birki a titi, daga nesa ma, sai ya dafe ƙasa kamar shi za a taka. Ya daina zuwa gareji, ya daina zaman majalisa. Matarsa Suwaiba tana Gadaka gidan iyayenta wajen wankan jego, saboda haka ba mai shiga ɗakinsa ya ce me ke damunka. Hajaratu tana ganin kwanon abinci yana fitowa yadda ya shiga, hankalinta yana tashi, amma iyakar abin da ta iya shi ne ta ce wa kaji, "Ai yunwa ba ta dawo da mamaci."

Ana nan sai ya je asibiti neman maganin barci, ya dawo da wata sabuwar ɗabi'a. Da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido ya yi shiru. Ba carbi a hannunsa, leɓɓansa ba sa motsi, balle a ce zikiri yake. Can sai ya buɗe ido ya ɗauko takarda mai kusurwa huɗu, ya naɗe ta a hankali, ya bi naɗin da farce, ya ja numfashi, ya sake naɗewa. In ya gama sai ka ga tsuntsu, ko kifi, ko kwale-kwale. Ya ajiye a kan faranti ya ɗauki wata. Hajaratu tana leƙensa ta bayan labule tana mamaki. Ta ga kwanon ya fara fitowa da saura kaɗan, ta ga shayin ya rage zuba, amma ba ta haɗa wannan da wancan ba. A ganinta addu'ar da take yi ce Allah ya karɓa, wasan takarda kuma wata jarrabawa ce dabam da aka ƙaro mata.

Da takardun da aka ba shi suka ƙare, sai Yunus ya shiga nema. In iska ta kwaso takardar da aka ƙunshe ƙosai, ya sunkuya ya ɗauka ya karkaɗe. In ya ga tsohuwar fastar 'yan takara tana reto a jikin katanga, ya ɓamɓaro ta ya ninke ya sa aljihu. Shi bai ga komai a ciki ba. Ya manta da garin da yake, inda kowane yaro ya san da me hauka yake farawa.

Ya Kaka ce ta kawo labarin. Maƙwabciyarsu ce, Babarbariya, ƙawar Hajaratu tun zuwansu unguwar, mace mai kirki wadda kirkinta bai taɓa hana ta magana ba. Ta shigo da la'asar sakaliya, ta zauna a kan turmi, ta gaisa a gajarce.

"Hajaratu, ni ba zan ɓoye miki ba. Yaron nan naki ya fara tsince-tsince."

"Wane yaro?"

"Yaro nawa gare ki mai gemu? A bakin tasha aka gan shi, a gaban jama'a, yana kwasar takardu a kwata. Mala mai shayi ya gani da idonsa. Haka na gidan Yaji ya fara, kin tuna? Yau takarda, gobe gwangwani, jibi ya tuɓe riga. Jinin mutanen nan ne yake bin sa. Ki tashi tsaye tun ana ganewa."

Hajaratu ta tsorata. Ta san a bakin tasha aka gan shi, ba a cikin kwata ba, ta kuma san kafin gobe kwatar za ta zama bola. Da wata uwa ce, ko da wani ɗa ne, da sai ta taka ta tsaya a kansa ta ce, kai, wannan na mene ne? Tambaya ɗaya ce, ba ta da tsawo. Ta kwana biyu tana juya ta a baki. Sau ɗaya har ta kai tsakiyar gida, ya ɗago ya dube ta, sai ta karkata ta ɗauki tsintsiya kamar ita ta fito nema.

Abin da ta iya shi ta yi. Ya Kaka ta raka ta wajen wani malami a bayan kasuwa, aka ba ta rubutu da garin hayaƙi, aka ce duk abin da ya tara a raba shi da shi, don a nan abin yake zama. Ranar Juma'a, da Yunus ya tafi masallaci, ta shiga ɗakinsa. Rabonta da ɗakin tun ranar da aka yi wa Suwaiba jere. Ta same su jere a kan taga, a kan akwati, wasu ya zura musu zare ya rataye, suna juyawa a hankali saboda iskar da ta biyo ta. Ta tsaya tana kallo. Gaskiya sun yi kyau, kuma kyan nasu ya ƙara tsorata ta, don ta ji an ce masu wannan ciwo sukan ƙware a abin da ba shi da amfani. Ta kwashe su tas a zaninta, har da tulin takardun da ya goge ya danne da dutse, ta zuba a murhu. Ba su ɗauki lokaci ba. Ta turara ɗakin da garin malam, ta ja ƙofa.

Da ya dawo ya shiga, ta kasa kunne. Ta yi zaton zai yi faɗa, ta ma shirya wa hakan, don ai an ce abin ba ya fita salin-alin. Bai yi faɗa ba. Can ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi murhu, ya dubi ɗakinta. Ita tana ciki tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

"Namiji da iyali ba ya zama abin nuni a tasha," ta faɗa da ƙarfi, ta inda kaji za su ji. "Akwai rubutu a kofi, wani ya sha."

Ya ɗauki kofin da hannu biyu ya shanye. Ya ce, "Na gode, Adda." Ya koma ɗaki.

Bai sake taɓa takarda ba. Bai sake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ba. Kwanon abinci ya koma fitowa a cike, sai dai yanzu yakan juye rabi ga kaji don kada ta gani, ita kuma tana gani. Duk da haka zancen bai mutu ba, don magana zarar bunu ce. Zancen ya bi motar kasuwa har Gadaka. Surukin Yunus ya aiko nasa ƙanin da sunan gaisuwa, mutumin ya zauna a zaure yana jan Yunus da hira yana ƙare masa kallo, yana tambayar sa kwanan wata da farashin gero kamar mai gwada ɗalibi. Da zai tafi ya ce ai ba gaggawa, Suwaiba za ta ƙara hutawa, in ya koma bakin aikinsa sai a yi maganar dawowarta. Yunus ya gane karatun. Washegari ya yi wanka ya sa farar riga ya tafi gareji.

A makon ne maganin hawan jinin Hajaratu ya ƙare, ta je asibiti. Tana kan layi wata ma'aikaciyar jinya ta gane ta. Sa'adiya sunanta, 'yar Fika, yarinya ce mai fara'a da saurin magana. Ta ja ta zuwa wani ɗan ofis ta ɗaura mata abin awo a damtse.

"Inna, ina Yunus? Mun daina ganin sa. Cikin duk waɗanda nake koya wa, ba wanda ya kai shi samun sauƙi."

"Koya me?"

"Au, bai gaya miki ba? Naɗin takarda. Mutanen Japan ne suke yi, origami suke ce masa. An koya mana a wani horo, saboda mutanen da suka ga tashin hankali. Kin ga, Inna, mutum irin Yunus jikinsa yana nan amma hankalinsa yana can a gangarar nan, kullum motar tana kifewa. Ba a ce masa ya manta, ba zai iya ba. Sai dai a ba hankalin wani ɗan wuri da zai tsaya. Ya zauna ya bi numfashinsa, yana shiga yana fita. In tunani ya zo, ya gan shi, kada ya yi kokawa da shi, ya dawo kan takarda. Ranar da ya fara zuwa ko layi ɗaya bai iya miƙarwa ba. Zuwansa na ƙarshe kuwa, ni ya gyara wa fiffiken tsuntsu."

Hajaratu ta ce, "To."

Yarinyar ta dubi abin awo ta ɓata fuska. "Jinin nan ya hau da yawa. Bari mu gwada da ke kafin in sake aunawa." Ta yago takarda daga wata tsohuwar kalanda, ta daidaita ta, ta ɗora a kan tebur. Hajaratu ta so ta ce ita ba yarinya ba ce, amma sai ta matsa kusa da tebur.

"Haɗa wannan kusurwa da waccan. A hankali, ba inda za mu. Ja numfashi. Yanzu bi layin da yatsa kina sakin numfashin. Ji yadda takardar take a fatarki. Shi ke nan, ba wani abu."

Yatsun Hajaratu sun san tatsar nono, sun san saƙar faifai, ba su san wannan ba. Kusurwar ta ƙi haɗuwa, ta warware ta sake. Ta ji santsin takardar, ta ji ɗan sautin da farce yake yi a kan naɗi, ta ji iska tana shiga hancinta da sanyi tana fita da ɗumi, abin da ta shekara sittin tana yi ba ta taɓa lura ba. Murhun ya faɗo mata a rai. "In wani abu ya zo, bar shi ya wuce, dawo nan," in ji Sa'adiya, ba tare da ta ɗago ba. Ta dawo. Na ɗan lokaci babu Ya Kaka, babu Gadaka, babu tasha, sai layi ɗaya da take ƙoƙarin miƙarwa. Da aka gama, wani karkataccen kwale-kwale ne a tafin hannunta, kuma ƙirjinta ya yi sakayau irin yadda ta manta ana yi.

A nan ne abin ya same ta. Wannan ɗan sararin da ta samu yanzu, shi ne kaɗai ɗanta yake da shi a duk faɗin yini, shi ta kwasa a zani ta kai wuta. Ba ta yi kuka ba, ba a yi mata tarbiyyar kuka a gaban yara ba. Sa'adiya ta sake aunawa ta ce ya ɗan sauka, ta ce don Allah a ce wa Yunus ya dawo, bai kai lokacin da zai bari ba, kuma kada ya kuskura ya hau mota tukuna.

Daga asibiti Hajaratu ba ta nufi gida ba. Ta shiga shagon da 'yan makaranta suke sayen littattafai, wurin da ba ta taɓa sa ƙafa ba. Mai shagon ya tambaye ta na aji nawa. Ta ce ba na aji ba ne, masu launi take so, waɗanda ba a rubuta komai a kai ba. Ya yanka mata su daidai yadda ta kwatanta, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ta ɓoye su a ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa. Za ta ce ba ta sani ba. Za ta ce ya yafe mata. Za ta dube shi a ido, in ya so duniya ta ce Hajaratu ta zubar da kunya da tsufanta.

Ta tarar da jakarsa a tsakar gida, da bargo a naɗe a kai. Ya samu mota. An yi lodi tun da rana, da la'asar za su ɗaga. Yana ɗaki yana canza kaya.

Ta shiga nata ɗakin. Ta ɗebo dambun naman da ta ajiye, da ƙuli-ƙuli da dabino, ta zuba a leda. Ta ɗauko takardun ta tsaya da su a hannu. Maganar da ta shirya tana nan, amma shekaru talatin da wani abu sun tsaya a gabanta, ba ta san ta inda ake kewaye su ba. Sai ta cusa takardun a cikin ledar, ƙarƙashin dabino, ta fita ta ajiye a kan jakar.

"Ga guzurin wani nan," ta ce, ta koma ciki.

Ta ji fitowarsa, ta ji ƙarar leda. Sannan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta yadda ya saba, ya ajiye takardun a gefen tabarmarta da hannu biyu, a hankali.

"Adda, waɗannan sun shigo cikin kayana."

"Ai na wani ne," ta gaya wa bango. "An ce suna da amfani. A asibiti aka ce."

Ya yi ɗan murmushi, ba na fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. "Na bari, Adda. Gaskiyarki, ba aikin magidanci ba ne. In aka gan ni da su a gareji, mai motar zai karɓe makulli. Yau kowa ya ba ni hannu, an ce na warke. In na dawo zan biya ta Gadaka in ɗauko su Suwaiba."

Wannan karon ta juyo ta dube shi. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya soke hannuwansa a tsakanin gwiwoyi ya matse su, amma rawar tana fitowa har kafaɗa. Da waɗannan hannuwan zai riƙe sitiyari, da shanu a baya da mutane a sama, ya bi ta gangarar nan. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Kada ka tafi, abin da za ta ce ke nan, ba wani abu mai wuya ba. Ta buɗe baki.

"Allah ya tsare hanya," ta ji kanta ta faɗa.

"Amin, Adda. A sa mu a addu'a."

Ya tashi. Ya sunkuya zai ƙulle bakin ledar, ya gwada, ya sake gwadawa, ƙullin ya ƙi. Sai ya rungume ta haka a buɗe, ya saɓa jaka, ya fita. Ba ta raka shi zaure ba, uwa ba ta raka ɗan fari.

Ba a jima ba Ya Kaka ta yi sallama, fuskarta fal murna. Ta ce ta gan shi ya wuce da jakarsa tsaf-tsaf, ya gaishe ta da hankalinsa, ta ce malamin nan ba ya wasa, ta ce uwa ta gari ita ce mai tashi tsaye a kan lokaci. Hajaratu ta ce alhamdu lillahi. Kunnenta yana can titi, inda manyan motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ba ta san wacce ce tasa ba.

Idon Ya Kaka ya sauka a gefen tabarma. "Kai, waɗannan takardu masu kyau fa? In ba abin da za ki yi da su, ba ni in riƙa ƙunsa barkono."

"Ɗauki," in ji Hajaratu. "Ba mai su."